Rangwame da Haƙƙin Mai Sana'a

Kowace shekara, idan watan Yuni ya doshi ƙarewa, kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam takan buɗe babban rangwamenta, har wasan da mutum ɗaya ya shafe shekaru yana haɗawa a ɗakinsa ya koma rabin kuɗinsa, alhali kuwa kasuwar tana zare kashi 30 cikin ɗari na cinikin. Al'amarin ya daɗe yana damuna, domin mai saye, muddin ya saba da jira, ba ya ƙara gaskata farashin asali, mai sana'a kuwa ala tilas ya tsawwala kuɗi tun farko don ya sami abin ragewa.

Kamfanin Wube na ƙasar Cek, waɗanda suka haɗa wasan Factorio, sun ƙi wannan tafarki, bisa hujjar kada wanda ya biya jiya ya ga an tauye shi yau. Hasali ma a shekarar 2023 sun ɗaga farashin daga dala 30 zuwa 35. Ina tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi, wanda sai da rangwame yake iya saye, amma a ganina matsayinsu ya fi kusa da adalci.