Daga Salaga Zuwa Bawku Da Ƙullin Wuri A Aljihu

A hutun makaranta da ya wuce mun kai ziyara wajen 'yan'uwa a arewa, muka fara sauka a Salaga. Duk wanda ya tashi a zango ya ji sunan garin nan a bakin kakanni, domin nan ne kasuwar Gwanja da fataken Kano da Katsina suke nufowa da jakuna sayen goro. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar, har Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete Krachi. Yau garin ya yi shiru, sai tsofaffin rijiyoyi birjik.

A masaukinmu wata tsohuwa ta buɗe kwalla ta fito da ƙullin wuri, ta ce, "Malam, na kakata ne. Kai wa yaranka na makaranta su ga kuɗin da." Gaskiyar Iya. Kalmar kuɗi ma ai jam'in wuri ce, kuma sunan sidi daga sunan wuri ya samo asali a bakin Akan. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Kada kuma mu ɓoye wa kanmu, a kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka saya da shi ba, har da 'ya'yan mutane.

To, garin da bai san teku ba, ina ya samo kayan teku? Akasarin wurin nan daga Maldib yake, wasu tsibirai a Tekun Indiya, inda ɗan dodon koɗin da ke cikinsa yake kiwo a kan duwatsun murjani. Ibn Batuta ya gan shi can wajen 1343, ya sake ganinsa a Mali a 1352. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa jibgo shi ta Landan da Amsterdam zuwa gaɓarmu.

Muka bi ta Bimbilla zuwa Yendi, garin Ya Na, inda kabarin Babatu Bazabarme yake. A nan muka kwana wajen wani abokin karatunmu mai koyar da kimiyya. Da ya ga ƙullin sai ya ce mun zo da littafi ba mu sani ba. Abin da ya bayyana mana shi ne, iskar oksijin iri-iri ce, akwai mai sauƙi mai lamba 16, akwai mai ɗan nauyi mai lamba 18, kuma babu wadda take rikiɗewa kome daɗewa. Wuri da murjani suna gina jikinsu da alli daga ruwan teku. Idan ruwa ya yi sanyi, mai nauyin takan shiga allin da ɗan yawa, idan ya yi ɗumi sai ta ragu. Wani Ba'amurke, Harold Urey, shi ya nuna haka a 1947. Ruwan sama ma yana rage ta in ya yi yawa, saboda haka masana sukan haɗa da awon wani sinadari, sitirontiyam, don su raba zafi da ruwan sama.

Wuri dai gajeren rai gare shi, shaidarsa ba ta da tsawo. Murjanin dutse shi ne dattijo, domin kowace shekara yana ƙara shimfiɗa ɗaya, kamar zoben cikin kututturen itace. Akan huda shi a zaro sanda mai tsawo, a ƙirga shekaru, a auna kowace shimfiɗa. A shekara ta 2000 aka buga sakamakon wani murjani na Malindi a gaɓar Kenya mai ɗauke da labarin kusan shekara 200, ya kuma nuna tekun yana ƙara ɗumi. A 1998 ɗumin ya kashe akasarin murjanin da ke ruwa marar zurfi a Maldib.

Mun yi ta juya maganar a mota, ta Gushegu da Nakpanduri, har muka gangara tudu zuwa Bawku. Ranar kasuwa ce, ga albasa, ga gero, ga 'yan'uwa daga Burkina da Togo. Can gefe mai duba ya baza wuri a tabarma, wai zai faɗi gobe. Mu dai ba mu tsaya ba. Hirar manoma duk a kan damina take, kuma tsofaffi ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji da yunwa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa ɗumin tekuna, har da na Indiya, yana da hannu sosai a farin da ya addabi ƙasashen Sahel a shekarun 1970 da 1980. Wato ruwan da ya raini wurin Iya yana da ta cewa a rumbun manomin Bawku.

Da muka koma aji muka zube ƙullin a kan tebur. Wata yarinya ta tambaya ko za a iya sayen alawa da shi. Muka ce a'a, amma ta zo ta nuna mana Maldib a taswira. Sai da ta daɗe tana nema, domin ɗigo-ɗigo ne kawai a ƙarƙashin Indiya.