Perun: gunkin tsawa da sarki ya sa aka yi wa bulala

1/ Kowa ya san Thor saboda finafinai, wasu sun san Sango na Yarabawa. Amma Perun fa? Shi ne abin bautar tsawa da walƙiya na kakannin mutanen Rasha, Yukren da Belarus. Ku zo mu yi hirarsa.

2/ Shekarar 980, Sarki Vladimir ya kama mulkin Kiyev, sai ya kafa gumaka shida a kan tudu kusa da fadarsa. Perun ne babbansu: jikin katako, kai na azurfa, gashin baki na zinare.

3/ Tun kafin nan da shi ake rantsuwa. Wajen 945, da Sarki Igor zai tabbatar da yarjejeniya da Rumawan Kustantiniyya, tudun Perun ya hau, shi da mayaƙansa suka zube makamai da garkuwoyi da zinare suka rantse. Wanda ya saɓa, makaminsa ya ci shi. Ya tuna mini yadda a wajenmu mutum kan ce "kwarankwatsa" in yana so a yarda da shi. Kiristocin cikinsu kuwa a cocin Iliya suka yi tasu rantsuwar. Ku riƙe sunan nan.

4/ Shekara takwas kacal bayan kafa gumakan, a 988, Vladimir ya karɓi Kiristanci, ya auri Anna, ƙanwar sarkin Rum. Sauran gumakan aka sare wasu, aka ƙone wasu. Perun kuwa wulaƙanci na musamman aka tanadar masa: aka ɗaure shi a wutsiyar doki, aka ja shi gangaren tudu, mutum 12 na jibgar sa da sanduna, aka wurga shi kogin Dnieper. Har sarki ya sa mutane su bi gaɓa, duk inda ya maƙale su tura shi gaba.

5/ Ni nan ne abin ya tsaya mini a rai. Littafin tarihin da ya kawo labarin, malaman coci ne suka rubuta shi, sama da shekara ɗari bayan faruwar abin. Ba masoyan Perun ba ne ko kaɗan. Duk da haka sun rubuta cewa mutane na kuka lokacin da ake jan sa. Da fada ce kawai ta ɗora musu shi, ban ga abin da zai sa su kuka ba. Sarki ya gama lissafinsa na siyasa, ya sauya. Talaka mai jiran ruwan sama a gonarsa bai gama ba.

6/ To ina tsawar ta koma? Wajen Iliya, wanda mu muka sani da Annabi Ilyasu. Ɗaruruwan shekaru manoman Rasha in sun ji rugugi sai su ce Iliya ne ke wucewa a keken dokinsa. Ranar bikinsa, 20 ga Yuli a tsohuwar kalandarsu, ba a zuwa gona, tsoron kada aradu ta faɗa wa amfani. Aikin Perun ne sak, suna kawai aka canza.

7/ Sunan ma bai ɓace ba. A harshen Poland har yau aradu "piorun" ake ce mata. A kusa da Novgorod, inda shi ma aka jefa nasu gunkin a kogin Volkhov, wurin yana nan ana kiran sa Peryn, da coci a kai.