Daga Kwanar Gafan zuwa akushinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar hunturu, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. A bayansa ya baro ƙura da busassun karan dawa, a gabansa kuwa kore ne shar iya ganinsa. Ruwan da ya yi wannan aiki daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya bi magudanai ya ratsa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Da shi ake noman shinkafa da alkama, da shi kuma ake shayar da tumatir da albasa da attaruhu da tattasai da kabeji.

Na tsaya a Kwanar Gafan, inda manoman yankin ke kai tumatirinsu. Kwanduna ne jere reras, dillalai na ciniki, 'yan dako na lodi, manyan motoci na jiran su cika su kama hanyar Kudu. Idan kaya suka yi yawa farashi ya karye, sai ka ga an yanyanka tumatir an shanya a ƙasa don kada a yi asarar duka. Abin da ya ja hankalina shi ne abincin rana. A gefen wannan tarin albarka, abin da na ga galibin masu aiki na ci shi ne shinkafa ko taliya da mai da yaji, a kora da lemon kwalba. Ganyen da ke cikin kwanon bai wuce na ado ba.

Ba laifin ɗan dako ba ne. Aikin ƙarfi yake yi, yana neman abin da zai riƙe masa ciki da kuɗi kaɗan. Damuwar ita ce irin wannan kwano shi ne ya zama abincin ɗan kasuwar da ke wuni a zaune cikin shago, da ma'aikacin ofis, da ɗalibin jami'a, waɗanda ba sa ƙona yawan abin da shi yake ƙonawa.

A nan maganar ciwon suga ta shigo. Nau'in da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, ba dare ɗaya yake kama mutum ba. Idan aka ci abinci mai sitaci, hanji kan mayar da shi sukari ya shiga jini, sai sinadarin insulin ya tura shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Idan ƙiba ta taru, musamman ta tumbi, ga rashin motsa jiki, sai jiki ya rage jin umarnin insulin, sukari ya riƙa taruwa a jini shekara da shekaru kafin a farga. Ƙarshensa kan taɓa ido da ƙoda da zuciya, ko ya kai ga gyambon ƙafa da ba ya warkewa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

To ina amfanin ganye? Yana cika ciki ba tare da ya ɗora wa jiki nauyi ba, kuma ɓangarensa da hanji ba ya narkarwa yana jinkirta shigar sukari cikin jini. A 2010 masu bincike na Jami'ar Leicester da ke Ingila sun tattara sakamakon nazarce-nazarce da dama suka buga a mujallar likitoci ta BMJ. Sun gano cewa waɗanda suka fi cin koren ganye haɗarin kamuwarsu ya gaza na waɗanda ba su cika ci ba da kusan kashi 14 cikin 100. Gaskiya ne wannan bai tabbatar da cewa ganyen kaɗai ne dalili ba, domin mai yawan cin ganye sau da yawa yakan kula da sauran al'amuran lafiyarsa. Amma gwaje-gwajen da aka buga daga Finland a 2001 da Amurka a 2002 sun nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa, da suka gyara abincinsu, suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki, haɗarinsu ya sauka da kashi 58 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa kullum, kuma ba ta sa dankali da rogo cikin lissafin ba.

Da na dawo birni na ratsa Kasuwar 'Yankaba. A can ne mutum zai tuna cewa Bahaushe bai taɓa zama baƙon ganye ba. Ga alayyafo da zogale da rama da yakuwa, ga kuɓewa da kabewa da yalo, ga garin kuka da karkashi. Kakanninmu da tuwon dawa ko gero da miyar ganye suka rayu, da fate da dambun zogale da kwaɗon rama. Mu ne muka wayi gari muna ɗaukar waɗannan abincin talaka, muka ɗauki farar shinkafa da burodi da shayi mai kauri alamar wayewa. Har kwaɗon zogalen ma wasu sai sun barbaɗa masa sukari, latas da kabeji kuwa sai an lulluɓe su da Bama.

Wajibi ne a yi gargaɗi ɗaya. Ganye rigakafi yake taimakawa, ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya tabbatar yana da ciwon suga kada ya ajiye maganinsa saboda romon bakan mai tallar garin zogale a lasifika.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Uwargida ta rage malmalar tuwo ta ƙara miyar ganye. Makarantun kwana su sa ganye a tukunyar ɗalibai. Gwamnatoci su taimaka da wuraren adana kayan gwari, don abin da ke ruɓewa a Kwanar Gafan da rani ya kai ga talaka da damina lokacin da tumatir ke tsada. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna masa sukarin jini. Ruwan Tiga ya yi nasa aikin, manoman Kura da Garun Malam sun yi nasu; saura na masu riƙe da ludayi da masu zama gaban akushi.