Lauyar Masu Ɓataccen Fayil

Jiya da dare ina karanta labarin wata lauya a Ingila, Jacqueline McKenzie, sai wani dattijo da na manta da shi ya faɗo mini a rai. Bari in fara da ita.

Matar nan 'yar asalin yankin Karibiyan ce, kuma kafin ta zama lauya ta daɗe tana aikin gwamnati kamar mu. Da girmanta ta koma ɓangaren shari'a, ta kama harkar shige da fice, wato ɓangaren da ba kuɗi a ciki sai ciwon kai. Sunanta ya fito ne a badaƙalar Windrush ta 2018.

Ga wanda bai sani ba, Windrush sunan jirgin ruwa ne da ya sauke mutanen Karibiyan a Ingila a 1948, lokacin ƙasar na neman ma'aikata bayan yaƙin duniya na biyu. Su da waɗanda suka biyo bayansu sun yi aikin asibiti, sun tuƙa bas, sun hayayyafa. Dokar 1971 ta ba duk wanda ya zauna a can kafin 1973 izinin zama na dindindin, amma da yawa ba a ba su takarda a hannu ba. A 2010 hukuma ta lalata katunan saukarsu. Bayan 'yan shekaru kuma aka tsaurara doka, aka ce kowa ya kawo shaida.

Ka duba fa! Mutum ya shigo yana ɗan shekara shida a kan fasfon mahaifiyarsa, yau ya haura sittin, a ce ya kawo takardar kowace shekara da ya yi a ƙasar. Wasu sun rasa aiki, wasu an hana su magani, aƙalla mutum 83 aka fitar daga ƙasar bisa kuskure. Sai da ministar cikin gida, Amber Rudd, ta sauka.

Irin waɗannan mutanen McKenzie take tsaya wa. Mu muna ɗauka aikin lauya shi ne ya sa baƙar riga ya yi ta zuba Turanci a gaban alƙali. Nata aikin yawanci tono ne: tsohuwar rajistar firamare, katin asibiti, takardar biyan haraji, har a haɗa rayuwar mutum a fayil guda. Ladan da ta samu? A 2023 ofishin jam'iyyar da ke mulki a lokacin ya tattara bayanai a kanta ya tura wa jaridu, daga nan saƙonnin zagi da barazana suka yi ta shigo mata. Ba na cewa duk wanda lauya ya kare mai gaskiya ne, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Amma waɗannan ai hukuma ce ta yaga shaidarsu da hannunta.

To, dattijon nawa. Ina sabon ma'aikaci a ofishin ajiye fayil, ya zo neman takardun fanshonsa. Fayil ya ɓata a wajenmu, lokacin da aka canza mana ofis. Ya zo ya fi sau biyar, kullum da 'yar ledarsa ta takardu.

"Ɗana, an gani kuwa?"

"Baba, a yi haƙuri, a dawo wani satin."

Wallahi ban taɓa buɗe ledar nan ba. Ban tambaye shi inda ya fara aiki ba, balle in rubuta musu su aiko da kwafi, abin da bai fi aikin yini ɗaya ba. A ganina a lokacin, tunda ba ni na ɓatar ba, ba ruwana. Daga baya ya daina zuwa, ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki.

Yau da safe na kira wani tsohon abokin aikina da har yanzu yake can, ko zai duba mini. Ya ce in ba shi sunan dattijon. Na yi shiru, don sunan garinsu kawai na iya tunawa.