Faɗan Da Ya Fi Ƙarfinka

Na san za ku ce yau kuma me ya haɗa ni da wasan ƙwallon Amurkawa, ni da ko ƙwallon ƙafa ba na zama kallo. To ku yi haƙuri ku ji.

Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya zo hutu, kullum da daddare yana manne da waya yana kallon wani wasa wai shi besbol. Rannan na leƙa, sai na ga wani dattijo ya ɗaga yatsu huɗu, shi ke nan sai mai riƙe da sanda ya ajiye sandarsa ya kama tafiya, ba a jefa masa ƙwallo ba, bai daki komai ba. Na ce, "Kai kuwa wannan wane irin wasa ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai tsoronsa ake ji."

Ga yadda ya fahimtar da ni. Mai jifa yana jefo ƙwallo, mai sanda ya doke ta ya ruga, akwai zango uku da zai bi kafin ya dawo gida, in ya dawo an ci maki ɗaya. In mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, to mai sanda ya samu zangon farko kyauta. Shi ne in manaja ya ga mai sandan nan ya fi ƙarfin yaronsa, sai ya sa a ba shi zangon da gangan don a fuskanci na bayansa. Da can sai an yi jifan nan huɗu, amma tun 2017 alama kawai manaja zai yi.

Sai ya ba ni labarin Buck Showalter, manajan ƙungiyar Arizona a 1998. Ranar 28 ga Mayu, 1998, suna gaban San Francisco da maki 8 da 6, zagaye na tara wanda shi ne na ƙarshe, saura mutum ɗaya su fitar a tashi, amma duk zangon uku akwai abokan hamayya a kai. Sai ga Barry Bonds ya fito da sanda, mutumin da daga baya a 2004 kaɗai sau 120 ana ba shi zango da gangan. Showalter ya ce a ba shi hanya, alhali ya san yin haka zai tura na zango na uku gida, wato ya ba da maki ɗaya da hannunsa. Aka koma 8 da 7. Brent Mayne ya biyo baya, ya daki ƙwallo ta faɗa hannun ɗan Arizona, wasa ya tashi, Showalter ya yi nasara.

Wallahi ina jin haka sai jikina ya yi sanyi, don Ummanmu ce ta faɗo mini a rai.

Ina 'yar shekara goma sha biyu mahaifinmu ya rasu, ya bar mana gida da gona. Ko arba'in ba a yi ba baffanmu ya ce gonar tasa ce, aro ya ba marigayi. Mutum ne mai kuɗi, mai baki a unguwa, kuma har ya fara maganar shi ma gidan a duba. Dangin Umma suka ce a tafi kotu. Ita kuwa ta aika aka kira shi, gaban dattawa ta ce ya riƙe gonar, amma ya sa hannu a takarda cewa ba shi da komai a gidan. Ya sa. A gidan nan ta raine mu mu biyar da sana'ar ɗinki da ƙosai.

Ni fa ban taɓa yafe mata wannan a zuciyata ba. Har a wani littafina na zana wata uwa mai tsoro da ta bari aka cinye haƙƙin marayu, kuma na san wa nake nufi, ina jin ita ma ta sani, don an karanta mata. Ba ta ce mini uffan ba.

Amma kada ku ɗauka dabarar nan kullum tana ci. Ƙanen nawa ya ce akwai manajojin da ba sa son ta sam, a ganinsu duk wanda ka ɗora a kan zango kyauta, bashi ka ɗauka. A.J. Hinch na ƙungiyar Houston bai yi ta ko sau ɗaya ba a duk wasannin kakar 2019, sai a wasa na biyu na gasar ƙarshe ya ba Juan Soto na Washington hanya, na bayansa suka yi musu ruwan maki, aka tashi 12 da 3. Da ƙwallon Mayne ta kauce kaɗan, da har yau ana zagin Showalter. Haka da baffa ya karɓi gona ya dawo neman gida, da ni ce mai gaskiya.

Abin da ban gane ba ina yarinya shi ne, Umma ta yi lissafi ne da abin da ke hannunta a ranar: ba kuɗin shari'a, ba namiji babba a gida, ga yara biyar. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, ni kuwa na daɗe ina ɗaukar wannan magana ta ragwaye ce. Har yanzu gonar tana yi mini ciwo, haƙƙinmu ne, kuma Allah na nan. Amma wadda ta yanke shawarar ita ce ta kwana da ita shekara da shekaru, ni a littafi kawai na yi jarumta.

Washegari na shirya na tafi gida. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, na durƙusa na ce, "Umma, ki yafe mini maganar gonar nan." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Sai yau? Tashi ki miƙo mini faifan can."

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya ba mu ikon gane su tun suna raye, amin.