Fada Ya Yi Ritaya, Wa Zai Raba Shinkafar Kirsimeti?

Na san kun saba jin zancen soyayya da zaman aure daga bakina, to yau kam ku yi mini uzuri, wata magana ce ta tsaya mini a rai, maganar alherin da ake rataya wa mutum ɗaya, ranar da ya kau sai a rasa madafa.

Muna da wata maƙwabciya Kirista 'yar ɗarikar Katolika, dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata jikoki uku marayu. Mama muke kiranta. Kowace shekara idan 25 ga Disamba ta gabato, sai 'yan cocinsu na Sabon Gari su zo mata da shinkafa da man gyaɗa da atamfa turmi guda, wani lokacin har da kuɗin makarantar yaran. Da magariba suke zuwa, mutum biyu, ba hayaniya, ba wanda zai san abin da suka ajiye. Mu ma sai ranar Kirsimeti muke ganin alama, idan ta aiko mana da kwanon shinkafa da miya, kamar yadda mu ma muke kai mata nama da Babbar Sallah.

Ana saura 'yan makonni Kirsimetin da ta wuce na shiga gaishe ta, na tarar ta yi tagumi. Na ce, "Mama lafiya dai?" Ta ce, "'Yata, Fadanmu zai ajiye aiki. Shi ya san halin da nake ciki, wanda zai zo ina ya san ni?" Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido, domin na san abin da za ta sa a tukunya take tunani.

A wurinta da jikanta babba na fahimci yadda abin yake. Ashe a dokar cocin Katolika, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, duk Fadan da ke riƙe da coci idan ya cika shekara 75 ana buƙatar ya miƙa wa Bishop takardar murabus. Tunda kuma Fada ba ya aure, ba mata ba 'ya'yan da zai koma wurinsu, dokar ta ɗora wa Bishop ya sama masa wurin zama da abin da zai ci. Ko shi Fafaroma Benedict na 16 ai murabus ya yi a 2013 da ƙarfinsa ya ƙare. Girma dai ya zo, ba yadda za a yi.

To amma ga inda dattijon nan ya burge ni. Ashe tun da daɗewa ya ƙi yarda rabon ya zama nasa shi kaɗai. Kuɗin baikon da ake tarawa domin mabuƙata ba ya bi ta aljihunsa, yana hannun 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul ne, ƙungiyar da wasu ɗalibai suka kafa a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1833, jagoransu Frederic Ozanam yana ɗan shekara 20 kacal. Su ne masu bin gida-gida bibbiyu, su kuma matan Zumunta su ne suka san wace ce bazawara, wane gida ne aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Sunayen duk suna rubuce cikin littafi.

Fada ya yi bankwana ya tafi. Ana jibi Kirsimeti sai ga mutum biyun nan da magariba kamar yadda suka saba, sabon Fada ko fuskar Mama bai sani ba, amma sunanta na nan a littafi.

Abin da ya sa na kawo muku wannan labari, 'yan'uwana mata, mu duba namu gidajen. Sau nawa muka ga Alhaji mai rabon hatsi da azumi, ranar da ya kwanta dama sai layin ƙofar gidansa ya watse, magada su ce ba su san da zancen ba? Marayun da yake ciyarwa a ɓoye ba wanda ya san su, balle a ci gaba. Ɓoye sadaka abu ne mai kyau, yana rufa wa mai karɓa asiri, amma a samu amintattu ko da mutum biyu ne da suka san inda take zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai na ce wa ƙawayena na adashi mu sayi littafi mu rubuta gidajen da muke taimaka wa, ta yadda ko aure ya ɗauke ɗayarmu zuwa wani gari, ba za a manta da kowa ba. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.