Kafin Tafiyarmu Riruwai A Kan Keke

Ran da malaminmu ya ce da hutu za mu tafi Riruwai, a ƙasar Doguwa, a kan keke, ni na fara ɗaga hannu. Ai tun ina ƙarami nake kai niƙa a Bebeji da keken Baba. Malam ya ce sai wanda ya ci gwaji zai tafi.

Asabar ta fari muka bi kwalta zuwa Kwanar Ɗangora da kekuna masu siririyar taya. Na riga kowa. Ta biyu aka ba mu masu kaurin taya, muka bi turba zuwa madatsar ruwa ta Tiga. A hawan farko na sa giya mai nauyi don in burge. Cinyoyina suka riƙe, na sauka ina turawa, 'yan aji ɗaya suna wuce ni.

Malam ya ce, "Bayan Tudun Wada akwai Dajin Falgore da duwatsu. Can wa zai jira ka?"

Yanzu kullum bayan la'asar ina koyon sassauta giya tun kafin hawa. Saura gwaji guda. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa sunana ya fito, amin.